Baba Ilu, mutumin da ya mai da mahaifina kura

Baba Ilu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a bakin sitonmu na Al Qusais ana loda kwalaye a mota, sai ga kiran abokin zamansa, wani bawan Allah ɗan Kumasi. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Nura, Baba ya tafi." Na ce ya tafi ina? Wallahi haka na ce, kamar wani sakarai. Ya ce bayan sallar asuba ya koma ya kishingiɗa, shi ke nan bai tashi ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a kan wani kwalin takalma. Direbanmu yana ta "yalla, yalla" wai in yi sauri, da ya ga fuskata sai ya kashe motar.

Da yawanku a nan Dubai kun san shi. Tsohon nan mai farar hula da gilashi mai kauri, wanda yake haɗa wa 'yan kasuwa bidiyon tallar abaya da turare da wayoyi. Amma kaɗan ne suka san ko shi wane ne kafin ya zo ƙasar nan. Yau zan faɗa, ku yi haƙuri rubutun zai yi tsawo.

Mutumin nan shi ne ya mai da mahaifina kura.

Kada ku yi dariya tukuna. Mu a gidanmu ba abin dariya ba ne.

A shekarun casa'in, lokacin da finafinan Hausa na kaset suke tashe, wasu masu shirya fim suka zo garinmu ɗaukar wasa. Ƙaramin gari ne a ƙasar Kano, kowa ya san kowa. Suna neman wanda zai fito a mugun maƙwabci, sai suka hango mahaifina a shagonsa. Malam Garba tela, dogo, mai doguwar fuska, ga son raha. Suka roƙe shi, ya ce to. Shi a wajensa wasa ne na yini guda.

Da kaset ya fito aka saka a gidan kallon garin. A ƙarshen fim ɗin, ga Malam Garba a tsaye, sai bakinsa ya fara tsawo, kunnuwansa suka miƙe, fatarsa ta yi dabbare-dabbare. A gaban idon kowa ya zama kura. Ba hayaƙi, ba yankewar hoto.

An ce mutane ta taga suka fita.

Daga ranar sunansa ya koma Garba Kura. Aka ce maye ne, wai kyamara ce ta kama shi bai shirya ba. Masu kawo ɗinki suka janye. Idan ya biyo layi, mata su ja 'ya'yansu cikin gida. Ya yi rantsuwa, ya yi bayani, har ya gaji ya bari. Abin da ya fi ci masa rai, shi mutum ne mai son yara, amma tun daga lokacin ba wanda ya sake miƙa masa jariri. Ko a gidan suna, daga bakin ƙofa yake yin barka ya juya.

A cikin wannan na tashi. Shi ya sa da na zo Dubai, in aka tambaye ni ɗan wa, sai in ce Nura Kano kawai.

Haɗuwata da Baba Ilu a wani gidan abinci ne a Deira, inda mutanenmu suke taruwa cin tuwo ranar Juma'a. Na ji wani ya ce masa "Baba Rikiɗa, bismilla." Na tambayi dalilin sunan. Aka ce ai shi ne yake mai da mutane dabbobi a finafinan da. Na ajiye cokali, na ce masa ko ya taɓa mai da wani tela kura?

Fuskarsa ta washe. "Garba! Ai shi ne aikina na farko da ya fito yadda nake so. Ka san shi?"

Na ce ubana ne. Na kwashe komai na faɗa masa, kuma ba da murya mai daɗi ba.

Bai kare kansa ba. Ya cire gilashi ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ni a Kano nake zaune gaban kwamfuta, ina ta murna an ce abin ya tsorata mutane." Tuwon nan bai ƙarasa shi ba.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe farawa ce.

Washegari ya neme ni. Ya ce in ina so zai koya mini haɗa bidiyo, ba don ya biya abin da ya wuce ba, sai don shi abin da yake da shi ke nan. Duk ɗan abin da nake samu yanzu a tallar kaya bayan aikin kago na lodin kaya, daga hannunsa ne. Ranar Juma'a in na makara, zan tarar ya sa an ajiye mini tuwo da man shanu. Da ya ji ina tari saboda sanyin sito, rigar sanyinsa ya cire ya ba ni. Har yanzu tana jikina.

Kuma shi ne mutum na farko a ƙasar nan da ya kira ni "ɗan Garba" da ƙarfi a cikin jama'a. "Ɗan Garba, zo nan!" Da farko sai in waiga in ga ko wani ya ji. Daga baya na fara amsawa da kai a sama.

A wajensa na san asalin abin da ya faru da mu. In ya fara ba da tarihin nan har hannu yake yarfawa.

Ya ce a da, in ana so mutum ya rikiɗe a fim, sai a tsayar da kyamara, ɗan wasa ya fice, a ajiye dabba a gurbinsa, a ci gaba. Ko a turnuƙe wurin da hayaƙi. Ko a riƙa ƙara masa gashi da haƙora kaɗan-kaɗan yana ƙame a wuri ɗaya, ana narkar da hoto cikin hoto. Duk mai ido yana ganin inda aka yi ɗori. Sai wajen ƙarshen shekarun tamanin Turawan Amurka suka fara yi da kwamfuta, siffa tana malala cikin siffa ba ɗori. Su suna ce masa mofin. Injinansu manya ne, ga ma'aikata, ga kuɗi.

Shi kuwa Baba, a wani fim ɗin waje ya gani, ya kasa barci. Ya yi ta mai da kaset baya har ya tsinke. Da manhajar ta fara samuwa a ƙananan kwamfutoci, ya samu wata tsohuwa ta hannu, ya zauna a ɗakin zaure ya koya wa kansa da ɗan Turancinsa na sakandare.

Yadda ake yi shi ne ka ajiye hoto biyu gefe da gefe. Ka sa ɗigo a idon mutum, ka sa ɗan'uwansa a idon dabba. Ɗigo a hanci, ɗigo a hanci. Haka za ka bi baki da kunne da haɓa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka danna, ka bar kwamfuta ta "dafa", in ji shi. Kwana da kwanaki tana dafawa. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sai ka koma farko. Duk wannan wahalar don abin da bai kai tsawon hamma ba a fim.

Ban ce shi ne na farko a ƙasarmu ba, Allah ne masani. Amma ina alfahari in ce a lokacin da ake ganin wannan aiki sai Amurka, wani Bahaushe a ɗakin zaure, da fanka mai ƙara da janareton aro, ya yi shi har gari guda ya gaskata. Ya iya, jama'a. Iyawar ce ma ta ja mana.

To ga inda nake son zuwa.

Na nemi auren Fa'iza, 'yar Alhaji Mudi mai shadda da ke Al Muraqqabat. Ta amince, Alhaji ma bai ƙi ba. Sai aka tura gida a yi binciken asali kamar yadda aka saba. Amsa ta dawo a taƙaice: ɗan Garba Kura ne.

Alhaji ɗan zamani ne, ya ce shi bai yarda da wannan zance ba. Amma mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa, 'yar ƙauyen da ke maƙwabtaka da garinmu ce, kuma da idonta ta kalli kaset ɗin. Ta ce in dai tana numfashi, jikarta ba za ta shiga gidan mayu ba. Alhaji ya kira ni ya ce, "Nura, ka yi haƙuri, ba zan tsallake maganar Hajiya ba."

Na je wajen Baba a Al Warsan, na zauna na yi kuka kamar yaro. Ba auren kaɗai ba. Na gane abin nan ba zai tsaya a kan mahaifina ba, zai bi ni, ya bi 'ya'yana.

Baba ya ce, "Hajiyar tana ina?"

Na ce tana nan Dubai, an kawo ta aikin ido, har an buɗe mata idon.

Ya ce, "Alhamdulillahi, ido sabo. Khalas, magana ta ƙare. Nema mana izini wajen Alhaji."

Na ce Baba, ai yanzu waya ma tana yi, dannawa ɗaya. Bari in nuna mata a wayata.

Ya harare ni ta saman gilashi. "Kai ɗan Garba, in waya ta yi shi kafin ƙiftawar ido, cewa za ta yi wayar ma da aljani a ciki. Sai ta ga hannu. Kuma hannunta."

Ya jawo wata tsohuwar laftof daga ƙarƙashin gado, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ita kaɗai ce take iya buɗe tsohuwar manhajar. A lokacin ƙafafunsa sun kumbura, likita ya hana shi yawo. Haka ya shiga bas, ya shiga jirgin ƙasa na metro, muka sauka Al Rigga muka taka. Na ce in riƙe jakar, ya hana.

Bayan la'asar muka shiga falon Alhaji. Hajiya tana zaune a kan darduma da carbi, ko kallona ba ta yi ba. Baba ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa ya gaishe ta. Ya ce, "Hajiya, ni ne na yi fim ɗin da kika gani. Ban zo musu ba. Aiki na zo ki taya ni."

Ya ɗauki hoton Alhaji a nan take, da hularsa da komai, ya sa a gefe ɗaya. A ɗaya gefen ya buɗe wani tsohon hoto.

Hajiya ta zabura. "La ilaha illallahu! Ita ce! Ga yagaggen kunnen nan!"

Baba ya ce, "Ita ce, Hajiya. Ta wani gardi ce mai wasa da kura a kasuwa. Da ƙyar ya yarda ya cire mata takunkumi na ɗauka, ina ɗauka na ruga."

Aka sa mata linzamin kwamfutar a hannu, wanda Baba yake ce wa ɓera. Fa'iza ta dafa hannun kakarta. Baba yana nuni da murfin biro daga nesa. "Nan, Hajiya, idon Alhaji na dama. Danna. Yauwa. Yanzu idon kura na dama."

Da farko tana yi tana ta'awizi. Can sai ga shi ta fara gyara masa. "A'a Malam, hancin Mudi bai kai nan ba, ni na haife shi." Baba ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya, matsar da shi." Shayi ya huce, aka sake dafa wani. Baba gumi yake yi duk da sanyin ɗakin, amma bai tsallake ko ɗigo ɗaya ba.

Da aka gama ya ce ta danna babban maɓallin da kanta. Muka jira ta dafa.

Sai ga Alhaji Mudi a fuskar kwamfuta, bakinsa yana tsawo, hularsa tana rabewa tana zama kunnuwa.

"Wayyo Mudi!" in ji Hajiya. Ta juya a firgice. Ga Mudi a gefenta da kofin shayi, yana shafa hancinsa ya ji ko yana nan.

Fa'iza ce ta fara fashewa da dariya, sai Alhaji, sai Hajiya kanta har da riƙe ciki. Ta ce a sake. Aka sake. Ta ce a sake.

A na ukun ne dariyar ta tsaya.

Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan a karon farko ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Kenan bawan Allahn nan, duk shekarun nan..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ce ita kanta ta taɓa fizge ɗan ƙanwarta daga bakin shagonsa ranar kasuwa, yana miƙa wa yaron alewa. Hawaye ya zubo daga idon da aka yi wa aiki, Alhaji yana ta "Hajiya, likita ya hana kuka."

Ta ce, "Kira min shi."

Na kira mahaifina ta bidiyo. Hajiya ta karɓi wayar da hannu biyu ta ce, "Malam Garba, ka yafe mini don Allah." Tsohon ya rikice, ya ce ai ba komai, ba komai, yana ta gyara hula.

Sannan Baba ya leƙa. "Garba, Iliyasu ne."

Mahaifina ya ƙura ido. "Ilu mai kwamfuta? Kana nan kana juya mutane?"

Baba ya ce, "Ina nan. Ka yafe ni, na daɗe ban dawo da kai mutum ba."

Mahaifina ya yi wata dariya da na manta yana da irinta.

Kun san Hajiya Yalwa. Da ta koma gida, sai da ta sa aka tura mata bidiyon a waya. Ba gidan biki, ba gidan suna, ba gidan gaisuwa da ba ta nuna shi ba. "Ku zo ku gani, ni da hannuna na mai da Mudi kura. In Garba maye ne, to ni ce uwar mayu." Abin da rantsuwar mahaifina ta kasa yi, bakin Hajiya ya yi shi kafin damina ta fita. Alhaji Mudi dai har yau abokansa a kasuwa suna tsokanarsa, ya ce ya yafe.

Aka ɗaura aure. Baba bai samu zuwa ba saboda ƙafa, amma shi ya haɗa bidiyon bikin, kuma ya hana ni ko taɓa shi.

Ganina da shi na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne. Na dawo daga gida wajen suna, Allah ya ba mu ɗa namiji. Na same shi a ɗakinsa ya miƙe ƙafa a kan filo, ya rame, amma bakin yana nan. "Ɗan Garba, ina tsarabata? Ko kilishin ma kwastan sun cinye?"

Na ba shi kilishi, sannan na miƙa masa waya.

A bidiyon, tsakar gidanmu ne cike da mata. Hajiya Yalwa ta fito da jaririn, ta ratsa su, ta nufi bakin ƙofa inda mahaifina ya saba tsayawa. Ta ce, "Malam Garba, karɓi takwaranka." Don ita ce ta dage sai an sa wa yaron Abubakar, sunan mahaifina na yanka.

Mahaifina ya goge hannuwansa a riga. Ya miƙa su, ya janye, ya sake miƙawa. Ya manta yadda ake riƙewa. Sai da Hajiya ta gyara masa gwiwar hannu ta ce, "Tallafi kan mana, Malam."

Baba ya kalla, ya mayar baya, ya sake kalla. Ya cire gilashin nan ya goge.

Ya ce, "Ka ga da, in na danna, kwanaki nake jira hoto ya fito. Wannan ne ya fi kowanne daɗewa a kan wuta." Ya miƙo mini wayar. "Amma ya fito da kyau."

Da zan tafi ya ce in ɗauki tsohuwar laftof ɗin, wai ta tare masa ƙarƙashin gado. Na ce sai wani zuwan, Baba, yau da kaya a hannuna. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Ɗazu na kira mahaifina na faɗa masa. Sai na ji kukan yaro kusa da wayar, ba ma nawa ba, na maƙwabta ne aka bar masa uwar ta je kasuwa. Ya ce, "Allah ya jiƙan Ilu. Bari in lallashi wannan, zan kira ka."

Ya Allah, ga bawanka Iliyasu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya ja kumburarrun ƙafafunsa ya je ya wanke sunan wani, Ya Rabbi ka wanke shi tas daga dukkan kuskurensa. Ka ba iyalansa da ke Kano haƙuri.

Za a yi jana'iza a maƙabartar Al Qusais da zarar an kammala takardu, zan sanar a nan. Wanda yake kusa ya daure ya zo, kada a ce baƙo ne ba shi da mutane.

Wanda yake nesa kuma, don Allah kada ka wuce rubutun nan haka. Ko ba ka san shi ba, in ka taɓa zama gaban talabijin kana yaro ka rufe ido don mutum ya zama dabba, to wataƙila hannunsa ne. Ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka ce Allah ya jiƙan Baba Ilu.

Ni ne Nura, ɗan Malam Garba tela.